Ƙarfen da Aka Binne da Ƙashi

Duk hutun ƙarshen shekara sai 'yan mata biyu ko uku sun yi sallama a gidanmu da ke bayan unguwar 220 Logements a Abidjan. Su gaida Inna, su zauna a bakin tabarma suna murza gefen mayafi, can sai mai ƙarfin halin cikinsu ta ce, "Tanti Safiya, ki sama mana irin aikinki mana. Ai ba wuya. A faɗa da Faransanci ki juya Hausa, a faɗa da Hausa ki juya Faransanci." Ba na yi musu dariya. Ban girme su da yawa ba, kuma da wannan tunanin ni ma na shiga. Saboda su nake rubuta wannan, don da baki ba na iya kai shi ƙarshe.

Ni tafinta ce a ofishin wata lauya a Treichville, ba nisa da babban masallaci. Metir muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowane lauya a garin nan. Aikinta shari'ar mutanen da suka shiga asibiti neman lafiya suka fito da wata cutar. A shekarun nan yawancinsu masu gwiwa ne, waɗanda aka cire musu gaɓar da ta cinye aka sa musu ta ƙarfe, ƙarfen kuma ya ci amanarsu. Ofishin a hawa na biyu yake. Mai ciwon gwiwa ba ya hawa bene, saboda haka kayan aikina na farko kujerun roba ne. Ina sauko da su in jera a inuwar shagon mai katifa, nan ake ganawa, ga hayaniyar titi, ga iskar bakin ruwa mai ƙarnin kifi. Sauran kayan ba su da yawa: littafi mai bangon leda saboda ruwan sama, biro biyu, waya, da babbar ambulan ta kwali wadda hoton ƙashi ke shiga bai lanƙwashe ba. Ina son hotunan nan. In na ɗaga su saitin rana, ƙashi kan fito kamar hayaƙi, ƙarfen kuma fari fat a tsakiya, sai ka ce wata ne ya faɗo cikin ƙafar mutum.

A hannun Malam Inuwa na koya, wani siririn dattijo Bakatsine wanda ya tsufa a barandar kotu. Wata guda cur ya hana ni buɗe baki. In zauna, in riƙe ambulan, in saurara. Ran da ya ba ni izini wani direban babbar mota ne a gabanmu, gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya. Na gaishe shi da ladabi na ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na juya zan gaya wa Metir, sai Malam ya ƙwanƙwasa min biro a bayan hannu.

"Ke 'yar boko, dubiya kika zo ko aiki? Mutumin nan ko ƙafar ce a faranti a gabansa, haka zai ce miki." Ya juya wurin direban. "Alhaji, a tsaye kake salla ko a zaune?"

"A zaune."

"Rabon goshinka da ƙasa?"

Direban ya ce, "Tun azumin bara."

"Wa ke wanke maka ƙafa in za ka yi alwala?"

Nan mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce 'yarsa. Malam ya dube ni ya ce, "Rubuta. Ciwon ke nan."

Shi ya koya min abin da nake maimaita wa duk wanda ya zauna a kujerun nan. Takardun aikin da aka yi maka haƙƙinka ne, ka nemi kwafinsu, ba alfarma kake roƙo ba. Haƙƙinka ne ka san wane kamfani ya ƙera abin da ke jikinka. Kowane ƙarfe yana zuwa da lamba, an zana ta a jikinsa, an kuma buga ta a wata 'yar takarda mai gam da ake mannawa a dosiyenka, wato fayil ɗinka na asibiti. Kana iya neman kotu ta naɗa likitan da ba na asibitin ba ya duba ka. Lokaci yana wucewa, ƙarar da aka jinkirta tana mutuwa kafin mai ita. Kuma kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshenka ba. Na ga wani mai goro da ya yi haka. Wasu masu kwat suka same shi a gadon asibiti da fara'a da kwandon lemo, ya ɗauka gaisuwar mara lafiya ce, ya ji kunyar ƙin abin da baƙi suka miƙo. Ashe yafe haƙƙinsa ya yi. Ni na karanta masa takardar bayan wata uku, layi bayan layi, yana cewa, "Sake faɗa, 'yata," har sau uku.

Doka ɗaya ta Malam ba ta cikin kowane littafi. Ya ce tafinta ba ta ƙara gishiri, ba ta rage yaji. Abin da aka ce shi za ki kai, ko zai kashe shari'ar. In kina da taki maganar, ki nemi izini, ki ce wannan tawa ce.

Shekara huɗu na yi a bayansa, sai idonsa ya dushe, 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi gida. Shekarar da na fara aiki ni kaɗai ita ce mummunar shekara. Masu gwiwa suka yi ta zuwa kamar an buɗe musu ƙofa. Yawancinsu a wani asibitin kuɗi guda aka yi musu aiki shekaru kaɗan kafin nan, asibitin kuma ya canza hannu, sababbin masu shi suka ce ba su gaji takardun kowa ba. Kafin mutum ya kawo kwanar layinmu nakan ji shi. Ƙarfen da ya saki yana wata ƙara ƙasa-ƙasa, kamar cokali a cikin kofin shayi.

A cikinsu akwai Baba Ɗanladi, mahauci a kasuwar Adjamé, ƙato mai faɗin kirji da dariya mai girgiza kujera. Matarsa Hajiya Kande ta rako shi, tana riƙe da leda cike da hotunan ƙashi. Bai jira tambaya ba. Ya zare hoto ɗaya ya ɗaga.

"Gaya wa Madam ba sai ta kira likita ba. Shekara arba'in ina raba gwiwar shanu da wuƙa, na san gaɓar da ta zauna da wadda ba ta zauna ba. Ga ƙarfen sama, ga na ƙasa, robar da ke tsakani ta murƙushe. Garinta ne ke cin ƙashin. Da a tebur ɗina na ga irin wannan, ko kare ba zan jefa wa ba."

Na juya mata. Metir ta yi dariya ta ce ya kamata ta ɗauke shi aiki.

"Ce mata ba za ta iya biyana ba. Ni da tsoka ake biyana."

Abin da yake nema a fili yake. Dole a cire lalataccen ƙarfen, don yana cinye masa ƙashi. Sabon da zai maye gurbinsa na musamman ne, mai dogon ƙafa, ya fi ƙarfin rumfarsa da ta 'yan'uwansa. In kotu ta ɗora wa kamfanin da ya shigo da na farkon laifi, su za su ɗauki nauyin sabon. In ba haka ba, likita zai haɗe ƙashin cinya da na ƙwauri su zama sanda ɗaya, ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasawa ba har abada. Takarda mai gam ta tafi da tsohon asibiti. Lambar da ta rage a duniya ita ce wadda ke zane a jikin ƙarfen, a cikin gwiwarsa.

Metir ta shirya komai a tsanake, yadda take shirya komai. Za a yi aikin ranar Alhamis a wani asibitin daban. Likitan ya yarda zai sa ƙarfen a leda ya miƙa wa iyali, tunda kayansu ne. Ranar Juma'a da safe wisiye zai zo, wato jami'in da ke ganin abu da idonsa ya rubuta ya buga hatimi don kotu ta yarda, ya karɓa ya rufe. Ta tambaye ni ko da matsala. Na duba littafina na ce babu.

Ranar Alhamis na je asibitin da safe. Baranda cike da mahauta, an shimfiɗa tabarmi, ana ta carbi. A tsakiyarsu ga wani dattijo da ban taɓa gani ba, mai farin gemu da kaifin ido. Aka ce min Alhaji Sale ne, wan Baba Ɗanladi, dillalin shanu, jiya ya sauka daga arewa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Na ji nauyin tsayawa ina yi wa babban mutum bayani a gaban ƙannensa. Wajen sha ɗaya aka ce aikin zai ɗauki lokaci, ni kuma akwai wata mata da ke jirana a Treichville. Na yi wa Hajiya Kande sallama, na tuna mata maganar ledar, na hau gbaka, motar hayar garin nan, na tafi.

Ku lura da wannan. Na taso ina ganin kakata tana tattara gashin da ya zube a mataji da farcen da ta yanke, ta tona rami a gindin bango ta rufe. Na san ba ma barin wani yanki na jikin ɗan Adam ya kwana a sarari. Metir ba ta da dalilin sanin haka. Don in sani aka ɗauke ni.

Washegari muka zo da wisiye da jakarsa da hatiminsa. Baba yana kwance bai gama wartsakewa ba. Hajiya Kande ta ja ni gefe, idonta ya yi ja. Ta ce da aka miƙo ledar Alhaji Sale ne ya karɓa. Ya ɗaga ya duba, ya ga ƙashi manne da ƙarfen, guntaye-guntaye, da tsoka. Ya aika aka yanko farin yadi.

"Na ce masa, Yaya, lauya ta ce a ajiye. Sai ya ce, lauyar ce za ta amsa min tambaya in an ce na bar ƙashin ɗan'uwana a leda kamar na miya? Safiya, wan mijina ne. Sau ɗaya na iya faɗa."

Kafin la'asar sun wanke shi, sun naɗe, sun kai maƙabarta.

Alhaji Sale bai ɓuya ba. Ya shigo ɗakin ya tsaya a gaban Metir, hannu a baya. "Gaya mata ni na binne. Ba sata na yi ba, ba ɓarna na yi ba. Da wani ya zaunar da ni ya ce min ƙafar ƙanena a jikin ƙarfen nan take, da na saurara. Ba wanda ya ce min komai sai mata a bayan ƙofa." Na juya mata shi daidai yadda ya faɗa.

Aka shiga neman hanyar tonowa. Wani malami da ke karantarwa a zaure kusa da babban masallaci ya saurari maganar, ya ce haƙƙin mai rai ba abin wasa ba ne, a ciro ƙarfen a mayar da ƙashin da mutunci. Izinin hukuma ne ya ja. Na yi sawu a ofisoshin magajin garin Adjamé har masu gadi suka san takalmina. Kafin takardar ta fito damina ta sauka, irin ruwan Abidjan da ke zuba kwana biyu bai numfasa ba.

Da hantsi muka je, ranar wata Talata da rana ta leƙo. Baba Ɗanladi ya nace sai an zo da shi, aka turo shi a keken guragu har inda taɓo ya tsayar da ƙafafun keken. Mai haƙan kabari, wani tsoho da ba ya jin komai sai yaren Dioula, ya kai mu can ƙurya a gindin katanga. Nan ake binne abin da asibitoci ke yankewa. Ba allo, ba suna, ba tudu. Jar ƙasa ce kawai da ciyawa sabuwa, shar, tana kaɗawa. Alhaji Sale ya ce ya kafa fasasshen bulo a wurin. Ruwa ya kwashe bulon, ko kuwa bulo ya yi yawa, don mun ga guda biyar.

Ya nuna wuri. Tsohon ya haƙa a hankali, da hauya sannan da hannu. Ya ciro ƙunshi, yadin ya koma launin ƙasa. Ya buɗe gefe ɗaya. Tafin ƙafa ne, ƙarami. Wisiye ya rufe hanci da hankici ya rubuta. Aka mayar, aka rufe. Alhaji Sale ya matsa taku biyu, yana ta salati, ya sake nunawa. Ƙunshi na biyu ya fi tsawo. Tun kafin a gama warware shi Baba ya leƙo daga kekensa, kallo ɗaya irin na mahauci.

"Ƙwauri ne. Na hagu. Ba nawa ba ne." Ya jingina. "Ya isa. A rufe."

Metir ta fahimta tun ban juya ba. Ta tsuguna a cikin taɓo da siket ɗinta mai kyau, ta kama hannun keken. Ta ce in gaya masa bulo uku suka rage. Ta ce takardar izinin ta yau ce kaɗai. Ta ce in ya bar nan ba lamba, ba ta da abin da za ta kai gaban alƙali, kuma ya san abin da likita zai yi wa ƙafarsa. Na faɗa masa duka, ban rage ko ɗaya ba.

"Na ji ta," ya ce. "Ce mata na gode, 'yar halak ce. Amma mai wannan ƙwaurin yana nan wani wuri a garin nan yana dogara sanda, bai san ana tone shi ba. Mai ƙaramar ƙafar nan ma tana da uwa. Ba wanda ya nemi izininsu. Mutum nawa zan tayar don gwiwa ɗaya?"

Na juya mata. A bakina akwai hanyoyi da yawa na tausasa maganarsa ta zama kamar yana shakka, ko in ƙara wa tata nauyi ta zama kamar umarnin kotu ne. Da ya ji umarni ne, da wataƙila ya bari a ci gaba da haƙa. Ban yi ba. Na ce, "Baba, a ba ni izini, wannan tawa ce. Ni ya kamata in zaunar da Alhaji ran nan. Na sani, ban yi ba. Ka bari a gwada rami ɗaya, don ni."

Ya dube ni. "Ke kika sa min ƙarfen? Ke kika binne? Bar ɗaukar kayan da ba naki ba, 'yata, naki ma ya ishe ki." Ya ɗaga murya. "Yaya, sa a rufe. Mu tafi."

Alhaji Sale da kansa ya karɓi hauyar. Ya mayar da ƙasa ya rufe ramin.

Shari'ar ta yi wata bakwai kafin ta faɗi. Likitan kotu ya rubuta cewa cutarwa ta tabbata, amma ba abin da ke nuna ƙarfen wane ne. Lauyan kamfanin ya tashi ya ce ko ma na wane ne, mutum mai irin wannan jiki, mai saɓa cinyar saniya a kafaɗa, shi ya karya abinsa da kansa. Ni na juya wa Baba wannan a cikin kotu, a kunnensa, kalma bayan kalma. Bayan Babbar Salla aka haɗe ƙashin.

Tun daga nan aikina yana farawa mako guda kafin a shiga da mutum ɗakin tiyata. Ina tambaya wane ne babba a gidan, ba wanda ya kawo ƙara ba, wanda in ya yi magana ba a musawa. In je har inda yake, in cire takalmi, in zauna ƙasa in yi bayani. In yi alkawari da bakina cewa ran da aka gama shari'a za a dawo musu da abinsu a farin yadi su binne. Ranar aikin kuwa ni da wisiye muna bakin ƙofa tun kafin a shiga, ba na tashi ko ruwa in sha sai an buga hatimi.

Ta haka muka tsare ƙarfen Hajiya Balaraba, mai sayar da atamfa, wadda aka yi wa aikin farko a asibiti ɗaya da Baba, a wata ɗaya. Lambar ta fito tsaf da aka goge. Aka auna robar aka same ta da aibi tun daga maƙera. Alƙali ya ɗora wa kamfanin nauyin sabon aiki. Metir ta duba ko hukuncin zai buɗe wa Baba ƙofa, ta ce ba lamba, ba ƙofa.

Duk da haka na ɗauki kwafin na tafi kasuwar Adjamé. Na same shi a bayan teburinsa a kan doguwar kujera, ƙafar miƙe a kan kifaffen baho, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Wasu ke sara yanzu, shi sai dai ya nuna da baki. Na gaya masa. Ya yi hamdala, ya tambayi lafiyar Hajiyar.

"Nata irin nawa ne?"

"Ba zan iya rantsuwa ba, Baba. Amma asibiti ɗaya, wata ɗaya."

"Irinsa ne. Karanta min abin da alƙalin ya ce. Duka. Kada ki tsallake."

Na tsaya a cikin ƙudaje da ƙarar gatari na juya masa shafi huɗu. Da na kai wani wuri sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Koma baya kaɗan."

Na koma. Wurin da aka rubuta cewa lalacewar daga ƙirar abin take, ba daga nauyin mai shi ko aikinsa ba. Ya rufe ido ya saurara, leɓensa na bin nawa.

"Haka ya ce? Ba ki ƙara ba?"

"Ban ƙara ba, Baba."

Ya shafa ƙafar tun daga cinya har inda hannunsa ya iya kaiwa. Sannan ya buɗe ido ya dubi bayana.

"To. Matsa gefe, 'yata, kin tare min masu saye."